Kwalin sidi 95 ya fi na sidi 140 tsada: amsa ga mai neman farin tayil na kicin

Assalamu alaikum. Ni matar aure ce a Asawase, nan Kumasi. Muna gyaran kicin kafin bikin ɗanmu, sai 'yata da ke Jamus ta turo mini hoton wani kicin mai ƙananan fararen tayil, an jera su kamar ginin bulo. Ta ce sunansa tayil ɗin sabwe, ta kuma turo kuɗin. Na zaga shago uku. A na farko kwali sidi 95 ne, guda 44 a ciki, girmansa santimita 7.5 da 15. A na biyu sidi 140, guda 50, girmansa 10 da 20. A na uku an ce ɗan Sifen ne, mai gefe a gangare, sidi 210, shi ma guda 44 ne, 7.5 da 15. Maigida ya ce fari ai fari ne, a ɗauki na 95. Mai sa tayil ɗin kuwa, ɗan yayar maigida ne, ya ce in ba ɗan Sifen ba shi ba zai sa hannu ba, kuma kwali 14 za a saya. Kantar girkin gefe ɗaya mita 3.6 ce, ɗaya gefen 2.4. Tsakanin kanta da kabad na sama santimita 60 ne, sai bayan murhun gas da nake so tayil ya ƙara hawa wata 60 ɗin, faɗin wurin 90. Ba na son ɓarnatar da kuɗin yarinya, ba na kuma son in ɓata da kowa. Ya zan yi?
Wata uwa daga Asawase

Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya sa a yi biki lafiya, ya yi wa yarinya albarka.

Kafin maganar kyau da rashin kyau, ki ɗauko biro da takarda, domin rabin rigimar gidanku lissafi ne zai kashe ta. Ba a kwatanta kuɗin tayil da kwali. Da faɗin bangon da kwalin zai rufe ake kwatantawa, wato murabba'in mita, abin da masu shago ke ce wa sikwaya mita. Tayil mai santimita 7.5 da 15, sai an jera kusan guda 89 kafin ya cika mita ɗaya. Ke nan kwali mai guda 44 rabin mita kawai yake rufewa, har da ɗan gibi. Mai 10 da 20 kuwa guda 50 ne cif a mita, kwalinsa ɗaya mita ɗaya. Da farashin da kika kawo, na 95 yana kamawa wajen sidi 192 a mita, na 140 yana nan a 140 ɗinsa, ɗan Sifen kuma wajen 424. Wanda maigida ya ɗauka shi ne mai araha, ashe ya fi na tsakiyan tsada da sidi hamsin da wani abu a kowace mita. Ba laifinsa ba ne. Kowa kuɗin kwali yake fara ji, kuma ba kowane mai shago ne zai ce maka tsaya mu lissafa ba.

Sai bangonki. Mita 3.6 da 2.4 sun ba da mita 6. A ninka da tsayi 0.6, an samu 3.6. Bayan murhu 0.9 sau 0.6, an samu 0.54. Duka 4.14 ke nan. Ana ƙara kashi 10 cikin 100 saboda yanka da fashewa, ya zama kamar 4.6. Na tsakiyan kwali 5 ya wadatar, ƙananan biyun kuma kwali 10 kowanne. Ki ɗora kwali ɗaya na ajiya a kan ko wanne kika zaɓa. Kuɗin ya tsaya haka: 840 ga na tsakiya, 1,045 ga na 95, sai 2,310 ga ɗan Sifen. Kwali 14 da yaron ya ambata ya kusa mita 7. Ta yiwu ya haɗa da wani bangon da ba ki sa a lissafi ba, ta yiwu jerin ƙashin kifi yake nufi, wato a jera tayil a karkace suna haɗa baki kamar harafin V, wanda ke cin ƙarin kashi 15 ko fiye, ta yiwu kuma da ido ya auna. Kada ki zarge shi. Ki miƙa masa tef ki ce, “Ɗana, zo ka nuna mini inda sauran za su shiga.”

Sunan nan na sabwe daga tashoshin jirgin ƙarƙashin ƙasa na birnin Niyok a Amurka ya samo asali, waɗanda aka buɗe a 1904. An lulluɓe bangonsu da farin tayil mai inci 3 da 6, shi ne 7.5 da 15 ɗin nan, don ya haskaka wuri mai duhu kuma ya yi sauƙin wankewa. Mai gefe a gangare kuwa an fi saninsa da tashoshin birnin Faris. Mun kawo wannan ne don ki san cewa sabwe suna ne na siffa da jeri kawai. Ba kamfani ba ne, ba kuma shaidar inganci ba ce. Kowace masana'anta tana iya yin sa, mai kyau da marar kyau.

Haka sunan ƙasa. Tayil ɗin Sifen yawanci daga yankin Castellón yake fitowa, na Italiya daga Sassuolo, na Sin daga Foshan, na Indiya daga Morbi, kuma Ghana tana da nata masana'antun, irin su Twyford a yankin Shama da Wangkang kusa da Sekondi. A ko'ina ana tace abin da ya fito daga wuta gida-gida: zaɓin farko, sai na biyu mai ɗan aibi da ake sayarwa da rangwame. Zaɓin farko na masana'anta mai araha ya fi zaɓi na biyu na mai tsada, nesa ba kusa ba. Kuma wani kaso mai yawa na kuɗin kayan waje ba na tayil ɗin ba ne, na jirgin ruwa ne da harajin tashar Tema da canjin dala da motar da ta hauro da shi Kumasi. Ki duba gefen kwali. Za ki ga an rubuta 1st choice ko Primera in zaɓin farko ne, Commercial ko Comercial ko 2nd in na biyu ne. Kwalin da ba sunan masana'anta, ba daraja, ba lamba, ki ɗauke shi a matsayin na biyu ko me mai shago ya rantse da shi. Ki kuma juya tayil ɗin kansa, sau da yawa sunan ƙasar yana nan a bayansa an buga shi cikin yumɓun.

Wani zai ce miki ki nemi foselin, ya fi ƙarfi. Gaskiya ne ya fi, amma ƙarfin da ba ki da buƙatarsa ne. Foselin ba ya shan ruwan da ya wuce rabin kashi ɗaya cikin 100 na nauyinsa, shi ya sa ya dace da daɓe da tsakar gida. Seramik na bango jikinsa yana shan fiye da kashi 10, kuma haka aka yi shi da gangan: ya fi sauƙin nauyi, ya fi sauƙin yanka, ya fi kama gam. Ba wanda zai taka bangon kicin. Abin da ke tare manja da ruwan miya shi ne gilashin da aka shafa a fuskar tayil, kuma zafin gas ba ya yi masa komai tunda a wutar da ta haura digiri 1,000 aka gasa shi. Don haka kuɗinki fuska yake saye, da daidaiton girma, da miƙewa. Waɗannan ukun kuwa da hannunki za ki gwada su.

Ki koma shagunan da rana, ki sa a buɗe miki kwali uku daban-daban, ba wanda aka ajiye a gaba don nuni ba. Ki zaro guda biyu ki haɗa su fuska da fuska, ki matse gefe ɗaya da yatsu. Masu kyau za su kwanta luf a kan juna. Marasa kyau za su yi lilo, ɗaya gefen ya buɗe baki. In katin shaidarki na ɗan ƙasa, wato Ghana Card, ya shige wannan bakin ba tare da kin tura ba, ki ajiye su. Ki gwada da wasu biyun, har sau huɗu ko biyar. Wannan gwajin ya fi kowanne muhimmanci ga irin jerin da kike so, ga dalili. Tayil yakan fito daga wuta da ɗan doro a tsakiya. A jerin bulo, tsakiyar na sama tana faɗawa daidai kan bakin na ƙasa, wato wuri mafi tudu ya haɗu da wuri mafi kwari. Da rana ba lallai a lura ba. Da dare, in aka kunna fitilar ƙarƙashin kabad, hasken yana zuwa a kwance, kowane baki da ya turo sai ya yi inuwa, bangon ya zama kamar haƙoran da ba su jeru ba. Duk gwanintar mai aiki ba ta miƙar da tayil mai doro. Kuma gwargwadon tsawon tayil, gwargwadon doronsa. Shi ya sa masu tsawon santimita 30 zuwa sama gara a goce su da sulusi maimakon rabi.

Sai girma. Ki ɗauki guda goma, ki tsayar da su a kan gefensu kamar littattafai a kanta, ki shafa tafin hannu a samansu. In kin ji wani ya ɗago wani ya nutse, girmansu ba ɗaya ba ne. Kada ki raina bambancin milimita ɗaya. Layin da ake bari tsakanin tayil milimita 2 ne, to milimita ɗaya rabin layin ke nan, ido zai gani tun daga bakin ƙofa. A kwali akwai lambar girma, ana rubuta Calibre ko Cal. Dukkan kwalayenki su zama lamba ɗaya.

Maganar maigida cewa fari fari ne, a nan ne za mu saɓa masa da girmamawa. Akwai fari mai ɗaukar shuɗi-shuɗi kamar rigar da aka sa wa bula, akwai fari irin na madara, akwai mai toka-toka. Ko a masana'anta ɗaya, gashin wannan watan da na watan gobe ba sa zama launi ɗaya sak, shi ya sa ake buga lambar launi a kwali, Shade ko Tone ko Tono. A tayil mai zane bambancin yana ɓuya. A fari zalla ba inda zai ɓuya. Ki ɗora guda ɗaya daga kowane kwali a kan farar takarda, gefe da gefe, a bakin ƙofar shago inda hasken rana yake. Sannan ki duba lambar a kan kowane kwali da za a loda miki, ɗaya bayan ɗaya, ko da yaran shago suna tsaki. Arahar da ta yi yawa sau da yawa ragowar kaya ce aka tattara daga gashi biyu ko uku.

Fuskar kuma, ki kunna fitilar wayarki ki kwantar da ita a gefen tayil yadda haske zai bi saman a kwance. Ki nemi ƙananan ramuka kamar hudar allura, da baƙin ɗigo, da wurin da gilashin ya taru ko ya yi ƙaranci a baki har jikin yumɓun ya leƙo. Kowane ramin allura gidan maiƙo ne nan gaba. Ki ƙwanƙwasa da ɗan makulli: lafiyayye yana ƙara tas, mai tsaga a ɓoye yana ƙara a dushe.

Ragowar gwajin a gida ake yi, don haka ki sayi guda biyu-biyu daga kowane shago, ko da za a tsawwala miki. Na farko ki shafa masa manja a gefe ɗaya, kori da ɗan shito, wato soyayyen yajin nan mai mai, a ɗaya gefen, ki ja layi da alƙalamin maka a tsakiya, ki bar shi ya kwana. Da safe ki wanke da sabulu da soso mai laushi. Fuskar kirki za ta koma fes. In launi ya zauna, ko kika ga siraran layuka kamar saƙar gizo sun bayyana, gilashin ya riga ya tsattsage. Wannan tsagewar tana faruwa ne idan jikin tayil da gilashin fuskarsa ba su dace da juna ba: jikin ya sha danshi ya ɗan kumbura, gilashin ba ya miƙewa, sai ya dare. A gari mai damina biyu kamar Kumasi ba ƙaramar magana ba ce. Na biyun ki tsoma rabinsa a bokitin ruwa na wasu awoyi, sannan ki dubi fuskar. Tsakanin yumɓu da gilashi akwai wani farin shafi da ke ɓoye launin jikin. In an yi rowarsa, rabin da ya jiƙe zai yi duhu a fuska. A bango, hakan na nufin duk ranar da ruwa ya sami hanya ta bayan wurin wanke-wanke za ki ga tabo mai toka-toka da ba ya gogewa, domin a ciki yake. Jan jiki ko farin jiki ba shi ne abin dubawa ba, akwai mai kyau a kowanne. Daga nan ki jingina su a kicin ɗin, ki kalle su da safe, ki kalle su da dare a hasken ƙwan da kike amfani da shi, kusa da launin kabad da dutsen kanta. Farin da ya burge ki a shago yana iya komawa rawaya a ƙarƙashin ƙwai mai jan haske.

Ra'ayinmu a fili: in na 140 ya tsallake waɗannan gwaje-gwajen, shi za ki saya. Ba don arahar kaɗai ba. Kicin ɗin da ake tuƙa tuwo, ake suyar kifi da ƙosai, ake dafa wake da shinkafa kullum, abokin gabansa layin tsakanin tayil ne, ba tayil ɗin ba. A kowace mita ta mai 7.5 da 15 akwai layi mai tsawon mita 20 in aka haɗa shi. A mai 10 da 20, mita 15 ne. A bangonki bambancin ya kai mita ashirin na layin da za a riƙa gogewa har ƙarshen rayuwar kicin ɗin. Ga kuma yawan guda: kusan 370 da kusan 210, wanda zai shafi kwanakin aiki da kuɗin hannu. A ido kuwa siffar ɗaya ce, tsawo ninki biyu na faɗi, kuma 'yarki ba za ta ce ba shi ba ne.

Ɗan Sifen ɗin fa? In zaɓin farko ne da gaske, za ki same shi daidai wa daida, fuskarsa da zurfin sheƙi, kuma mai aiki yana jin daɗinsa don ba ya wahalar da shi. Wataƙila abin da yaron yake gudu ke nan, kada a ba shi karkataccen kaya a zo ana cewa shi ne bai iya ba. Yana da hujja. Amma gefen nan mai gangara yana da nasa sharrin. Kwarin da ke tsakanin kowane biyu yana tara maiƙo da ƙurar hunturu. In aka yanka shi, bakin yankan ya fi asalin bakin kauri, sai lungu da ƙarshen bango su yi wuyar haɗawa in ba a sayo ƙananan gutsattsarin da aka yi musamman don haka ba. Murfin soket ma ba ya kwanciya a kansa sosai. Ga mai girki kullum, shafaffe mai sheƙi ya fi. Marar sheƙi kuma kada ki kai shi bayan murhu, yana riƙe mai. Za a iya nuna miki wani babban tayil da aka yi wa zanen layuka ya yi kama da ƙananan. Yana da saurin sawa, amma layin gaske da na zane ba sa zama launi ɗaya bayan 'yan watanni.

Tsakanin 840 da 2,310 akwai sidi 1,470. Kada ki mayar da su duka cikin jaka, domin tayil mai tsada da aka sa da ganganci bai kai mai matsakaicin kuɗi da aka sa da kyau ba. A fara da bango. In tsohon kicin ne, sai an kankare fenti, an wanke maiƙo da baƙin hayaƙi, domin gam ba ya kama mai. In sabon filasta aka yi, a ba shi aƙalla mako biyu ya bushe, don haka ki ƙirga kwanakin bikin daga baya. A ɗora miƙaƙƙen katako ko ƙarfe mai mita 2 a jikin bangon, kada ramin da ke ƙarƙashinsa ya wuce milimita 3. Ƙaramin tayil yana bin duk tudu da kwarin da ya tarar. In bangon yana tsatsafo da danshi ko akwai fayif mai yoyo, a gyara tukuna, tayil ba ya maganin danshi, ɓoye shi kawai yake yi har ranar da zai ɓamɓaro. Mai wuta ma ya gama nasa kafin a fara.

A yi amfani da gam ɗin tayil na buhu, ba siminti da yashi ba. Ki nemi wanda aka rubuta C2 a jikinsa, ya fi C1 riƙo. In akwai harafin T, ba ya barin tayil ya zame ƙasa, in akwai E, yana jinkirin bushewa, abin da ke da amfani lokacin hunturu. Fari ya fi dacewa da farin tayil, don mai toka yana iya leƙowa ta layi. Da cokali mai haƙora na milimita 6 ake shafa shi, kuma yana cin kamar kilo 3 a mita, ke nan buhu ɗaya mai kilo 20 ya ishe ki in bangon a miƙe yake. A zuba garin cikin ruwa, a dama, a bar shi kamar minti biyar, a sake damawa. Kada a shafa fiye da abin da za a rufe cikin minti goma sha biyar zuwa ashirin. In ya yi fata a sama, a kankare a sake, kada a yayyafa masa ruwa. Kuma da gam ba a jiƙa tayil a baho. Wancan tsarin na siminti da yashi ne.

Abu ɗaya da za ki sa wa ido da kanki: kada ki yarda a ɗora gam curi-curi a bayan tayil a manna. Yana da sauri, yana rage cin gam, amma yana barin kogo. Kogon nan shi ne gidan kyankyasai, shi ne hanyar ruwa, kuma nan ne tayil ke fashewa ranar da aka zo huda bango don rataye ludayi. A ranar farko ki ce a ɓamɓaro miki guda ɗaya da aka manna yanzu. Bayansa ya kamata ya shafu da gam kusan ko'ina. Bayan kwana biyu ki bi bangon da bayan cokali kina ƙwanƙwasawa, inda ya yi ƙarar ganga akwai kogo.

Ga wani ɗan lissafi da zai cece ki daga muni. Kin ce tsakanin kanta da kabad santimita 60 ne. Jeri shida na mai santimita 10 sun cika 60, amma ba a sa layuka ba. Layi biyar na milimita 2, da tazarar milimita 3 a kan kanta, sun kai abin wajen 61.3. In ba a riga an kafa kabad ba, a ɗaga shi zuwa 61.5, jeri shida su shiga ba yanka. In an riga an kafa, yankan ya tafi jerin sama inda kabad ke rufe shi. A auna tayil ɗin da tef tukuna, don wani 10 ɗin 9.8 ne. A ja layin farko da ma'aunin lebur, kada a amince da kanta. A fara jeri daga tsakiyar wurin da ido ya fi faɗawa, wato bayan murhu, a gwada a ƙasa ba gam don kada a ƙare da 'yar siririyar tsiri a lungu. A sa 'yan robobin tazara na milimita 2. Wasu masu aiki suna son manne tayil da juna ba layi, wai ya fi kyau. Kada ki yarda: bango yana motsi da zafi da sanyi, in ba wurin numfashi bakuna suna ɓantarewa. Inda tayil ya ƙare a fili, a sa bakin aluminiyam ko na roba daidai kaurinsa.

Cikon layi, wanda masu aiki ke kira girawut, a yi shi bayan awa 24. Farin siminti zalla da aka saba cikawa da shi yana tsukewa ya tsage, yana kuma shan manja. Ki sayi na leda da aka yi don aikin, mai alamar CG2, kilo 2 ya isa na 10 da 20. Launi kuwa, mun san hoton da aka turo miki wataƙila fari ne tas, amma a bayan tukunyar miyar manja farin layi ba ya shekara da farinsa. Toka mai haske ya fi rufa asiri. Baƙi ƙirin yana fito da duk wani ɗan karkata, kuma in fuskar tana da tsaga yana shiga ya zauna. Akwai na ifoksi wanda ba ya shan mai sam, ya fi tsada, yana daskarewa da wuri, kuma in ya bushe a fuskar tayil fitar da shi aiki ne. In yaron ya taɓa aiki da shi, a sa a bayan murhu kaɗai, a daidaita launinsa da na sauran. In bai taɓa ba, kada kicinki ya zama makarantarsa. Inda tayil ya haɗu da kanta, da kuma lungun da bango biyu suka haɗu, silikon na kicin mai hana baƙin danshi ake sawa, ba girawut ba. Kwalba ɗaya ta isa. A ɗaga wa wurin ƙafa daga suya na 'yan kwanaki. Daga baya kuma ruwan ɗumi da sabulu sun wadatar. Sosan ƙarfe yana kashe sheƙi, ruwan asid ɗin wankin bayi kuma yana cinye layin.

Ranar saye, ki tafi da yaron, amma ke za ki biya da hannunki. Ba sabon abu ba ne mai aiki ya sami la'ada a shagon da ya kai mai saye, kuma ba sai an yi maganar ba. In ya ga gwajin da idonsa, ya haɗa biyu fuska da fuska ya ji sun kwanta, ba shi da sauran abin cewa, kuma mutuncinsa bai taɓu ba tunda da shi aka zaɓa. A rubuta a rasit lambar launi da ta girma, da sharaɗin cewa kwalin da ba a buɗe ba ana iya mayarwa. In a aboboya, babur mai ƙafa uku na ɗaukar kaya, za a ɗauko, a shimfiɗa kwali ko tsohon bargo, a tsayar da kwalayen a kan gefensu manne da juna, kada a kwantar da su a jibga, ramukan hanya suna fasa na ƙasa. Kuɗin hannu kuma a yanke shi kafin a fara, a kan aikin gaba ɗaya har da ciko da silikon, a bar wani kaso sai kin ƙwanƙwasa bango kin kuma kunna fitila da dare kin duba. Ki sani ƙaramin tayil ya fi babba cin lokaci, in ya nemi ƙari a kan abin da ake biya na manya, bai zalunce ki ba.

Maigida kuma takardar lissafin nan kawai za ki ajiye masa kusa da shayinsa: 1,045 ga wanda ya zaɓa, 840 ga wanda muke ba da shawara. Araha yake nema, ga ta nan.

In na 140 ya faɗi gwaji, musamman na doro ko na manja, kada ki koma kan na 95 don huce haushi sai shi ma ya ci nasa gwajin. Ki nemi wani mai 10 da 20 a wani shagon da takardarki a hannu. Kwalin ajiyan kuwa ki sa shi a wuri busasshe, a tsaye, kada a yage gefen da lambobin suke, domin ranar da mai gyaran famfo zai fasa guda uku, wannan farin ba lallai a same shi a kasuwa ba.